Girman Baki, Girman Loma

Ubana Basarke ne, haka ni ma na tashi,
koma a kafaɗa, ƙafa cikin taɓon Madarunfa.
Bai taɓa tambayar kifi me ya ci ba.
Ruwa ke ciyarwa, mu namu kamu.
Da zai ga abin da nake yi yanzu da asuba,
da ya yi dariya har hularsa ta faɗa tafki:
tsoho da furfura, tsugune bakin ramin siminti,
riƙe da cokalin shayi,
yana dafa ƙwai don abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Kwana uku na fari ba a ba su komai.
Kowane ɗan tarwaɗa ya zo da guzurinsa,
'yar jaka rawaya rataye a ciki,
ita yake sha yana kwance kamar zare.
Ranar da jaka ta ƙare, baki ya buɗe,
ran nan barci ke ƙaurace mini.
Ka makara wuni guda, yunwa ta share su.
Ka cika hannu, ruwa ya ruɓe, su mutu a ƙoshe.
Na yi duka biyun, ban ɓoye wa kowa ba.
Dubu huɗu na binne bara a gindin zogale,
ƙoƙo ɗaya ya ɗauke su, bai ma cika ba.

Ɗana Lawali na can Kwatano, bakin teku,
yana renon 'ya'yan kifin ruwan gishiri.
Ya kira ya ce, Baba, a nan sai an kiwata abincin
kafin a ba abin kiwo.
Ƙwari ne da ido ba ya kamawa,
a ƙyanƙyashe su a kwalba, a ƙosar da su,
sannan a juye wa kifi.
Na ce, to, a ciyar da kai don a ci ka,
ai wannan ba teku ce ta fara ba.

Ni ba ni da kwalba.
Kashin kaji na jiƙa a ramin bayan gida,
rana ta yi nata aikin, ruwa ya yi kore shar,
ƙwari suka taso kamar ƙura.
Na tace su da tsohon kallabin Barira,
ta yi faɗa kwana biyu, na uku ta zo leƙe.

Daga nan gwaiduwa, a murje ta cikin ƙyalle.
Daga nan gari:
tunkuza daga hannun matan da ke matsar gyaɗa,
busassun ƙananan kifi daga babbar kasuwar Maraɗi,
dusar gero kaɗan don ta riƙe.
A daka, a tankaɗe, a sake tankaɗewa.
Girman baki shi ne girman loma.
Wanda ya manta haka ya ciyar da ƙasan rami.

Akwai ɗaya kullum, ban san daga ina yake fitowa ba,
da ya riga 'yan'uwansa girma da kwana biyu kacal.
Da dare sai ya haɗiye ƙanensa,
da safe ka gan shi da wutsiya biyu.
Ba na zaginsa.
Na kwashe shi da rariya, na kai shi wurin sa'o'insa,
can zai san akwai masu baki.

Sau biyar a wuni, har da tsakar dare,
tocila a baki, gwiwa na ƙara.
Jikata Zuwaira ta ce, Kaka, sun san ka kuwa?
Na ce ban sani ba, riƙe mini kwanon.
Na ƙwanƙwasa cokali a bakin siminti,
na barbaɗa kaɗan, na jira.
Fuskar ruwa ta soma motsi
kamar yayyafin farkon damina,
daga wancan lungu har zuwa ƙarƙashin hannuna.

Ta ce, a ƙara musu.
Na ce, a'a. Bari su cinye wannan tukuna.